Gwiwar Hannun da Na'ura ke Bugawa, da Wadda Kara da Tsumma ke Kashewa

Wata ranar kasuwa a Zuru ina zaune a rumfar wani mai gyaran waya, ina jiran ya sauya mini gilashi, sai wani saurayi ya miƙo mana tasa wayar ya ce mu ga ikon Allah. Bidiyo ne na wata na'ura tana harba siririn haske a kan wani gari mai ruwan toka. Can aka kaɗe garin, sai ga gaɓar gwiwar hannu ta ƙarfe ta fito tsaf, kamar daga maƙera. Wani dattijo da ke gefena ya gyara zama ya ce, "To ai shi ke nan. Yanzu ko ɗori ya ƙi, sai a je a bugo wa yaro sabuwa." Mai gyaran wayar bai ko ɗago kai ba ya ce, "Allah ya kiyaye, Baba. Ni dai ba mai cusa mini ƙarfe a jiki. Asibiti in ba su yanke ba, ƙarfe za su sa maka, ya yi ta tsatsa kana jin sanyi har ranar mutuwarka."

In ka ji maganganun nan biyu sai ka ɗauka kishiyoyi ne, alhali gida ɗaya suke kai mutum: zauren mai ɗori, da yaro a kafaɗa, hannu ya kumbura suntum. Na gaji da jin su a majalisa da gidan biki da cikin mota, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gwiwar hannu mahaɗar ƙasusuwa 3 ce: wanda ya sauko daga kafaɗa, da biyun da suka tafi zuwa tsintsiyar hannu. Ta gabanta babbar jijiyar jinin da ke ciyar da hannu ta ratsa, ga kuma manyan jijiyoyin ji da motsi guda 3 a kewaye. Duk wanda ya taɓa buge gwiwarsa a ƙyaure ya ji kamar lantarki ya ja shi har ƙaramin yatsa, to ya gaisa da ɗaya daga cikinsu. Wuri ne matsattse, kaya sun yi masa yawa, kuma ba ya yafe ganganci.

Abin da saurayin nan ya nuna mana gaskiya ne, ba haɗin kwamfuta ba. Fasahar da ake kira 3D ta samo asali ne tun shekarun 1980, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Chuck Hull ya ƙirƙiro na'urar da ke gina abu shimfiɗa bisa shimfiɗa, ya kuma sami takardar mallakarta a 1986. A 2011 aka sa wa wata tsohuwa 'yar shekara 83 muƙamuƙin ƙasa na ƙarfen titaniyom a Holan, wanda wani kamfani a Beljiyam ya buga. A 2014 likitocin wani asibitin Jami'ar Peking a Sin suka maye wa wani yaro ɗan shekara 12 ƙashin wuya da bugaggen ƙarfe bayan ciwon daji ya cinye nasa. Mu ma a nahiyarmu ba a bar mu a baya ba: wata jami'ar fasaha a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu ta daɗe tana buga wa marasa lafiya sassan fuska da muƙamuƙi, kuma a 2019 Farfesa Mashudu Tshifularo ya dasa bugaggun ƙananan ƙasusuwan cikin kunne a Pretoria.

Yadda ake yi wa gwiwa kuwa abin sha'awa ne. Za a ɗauki hoton na'urar CT, wadda ke yanka ƙashi fala-fala a hoto ba tare da an taɓa fata ba. Kwamfuta ta harhaɗa hotunan ta fitar da siffar gaɓar. Idan gwiwar ta ragargaje har ba a gane kamanninta, sai a ɗauki hoton lafiyayyar ta ɗaya hannun a juya shi kamar a madubi. Likitan ƙashi da injiniya su zauna su zana abin da zai cike gurbin daidai-wa-daida, har da ramukan da kusoshi za su shiga. Daga nan na'ura ta shimfiɗa garin titaniyom, kaurinsa kamar silin gashi, hasken leza ya narkar da inda aka zana, ta sake shimfiɗa wani, haka-haka sau dubbai. Ƙarfen nan sai zafi ya haura digiri 1,600 yake narkewa. Ɓangaren da zai manne da ƙashi akan yi shi da ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma, domin ƙashin mutum ya tsiro ya shige ciki ya riƙe. Wannan ƙawance tsakanin ƙashi da titaniyom wani masani ɗan Suwidin, Brånemark, ya lura da shi a 1952, da ya sa ƙarfen a ƙafar zomo ya dawo cirewa ya tarar ya ƙi fita.

Wa ake yi wa irin wannan aiki? Wanda ciwon dajin ƙashi ya ci wa gwiwa, wanda mota ta niƙe wa hannu, wanda harsashi ya tafi da wani yanki na ƙashinsa, ko wanda aka taɓa sa wa gaɓar kanti ta kwance. Ƙasar da ta ba Najeriya sojoji da yawa irin Zuru, wadda kuma 'yan bindiga suka addabi ƙauyukanta ta wajen Danko-Wasagu da Sakaba, ba ta rasa masu irin wannan rauni ba. Ina yi musu fatan ranar da aikin zai zo kusa, ya yi araha.

Amma Baba na rumfar mai waya, ba a nan gizo ke saƙa ba. Na'urar nan ƙashi take kwaikwaya. Ba ta buga tsoka, ba ta buga jijiya, ba ta mayar da jini inda ya ƙafe. Hannun da ɗaurin kara ya kashe, ko gwiwar zinariya aka sa masa, itace ne. Sannan ba a sa wa yaro cikakkiyar gaɓar ƙarfe don karaya, domin ƙashinsa na girma, ƙarfe kuwa ba ya girma. Babban ma da aka sauya wa gwiwa gaba ɗaya, doka ake kafa masa ta har abada: kada ya ɗaga abin da ya wuce kamar kilo 5 a ɗauka ɗaya, abin da zai yi ta maimaitawa kuwa kada ya wuce kamar kilo 1. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Ka faɗa wa manomin Dabai ko Senchi ya ajiye garma, ka faɗa wa matarsa ta ajiye taɓarya, ka faɗa wa saurayin da ke jiran kokawar bikin Uhola ya koma ɗan kallo. Shi ya sa likitoci suka fi yi wa tsofaffi wannan aiki. Kuɗinsa kuma da dala ake lissafi, ba kaya ba ne da za ka tarar a kan kanta a asibitin garinku. Gwiwar da Allah ya halitta maka, ko ta karye aka gyara, ta fi wadda injiniya ya zana nesa ba kusa ba.

Yanzu bari in koma kan mai gyaran waya, don maganarsa ce ta fi cin hannayen yaranmu: wai asibiti yanke hannu suke yi.

Na ga yadda wannan magana ke haihuwar kanta da idona. Ɗan wani maƙwabcina, yaro ɗan shekara 7, ya faɗo daga bishiyar mangwaro da bazara, ya dafa ƙasa da hannun dama. Gwiwa ta kumbura. Na ce da uban, "Malam, mu kai shi a ɗauki hoto." Kakar yaron ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kai dai ɗan nan da son asibiti kake. So kake a mayar mini da jika dungu?" Aka tafi da shi wurin wani mai ɗori a bayan gari. Ya ja hannun yaro na ihu, ya shafa magani, ya jera karare, ya naɗe da tsumma tam-tam, ya ce kada a kwance sai bayan mako biyu. A daren yaron bai runtsa ba. Aka ce ai ɗori ne ke kamawa. Kashegari yatsu suka yi fam kamar an hura, in an taɓa ɗaya sai ya ƙwalla ƙara. Aka ce jiki ne ke karɓar magani. Rana ta uku kukan ya ragu, gida ya yi hamdala, wai sauƙi ya samu. Ashe jijiyoyin ne suka daina kai saƙo. Da aka kwance tsumman, fata ta yi bororo, ta fara wari.

Abin da ya faru a cikin hannun ba sihiri ba ne. A yara, ƙashin da ke saman gwiwa kaɗan siriri ne, fale-fale, shi ya sa nan ne ya fi karyewa in yaro ɗan shekara 5 zuwa 8 ya faɗi ya dafa ƙasa. Bakin karyayyen ƙashin na iya danne babbar jijiyar jini ko ya yage ta. Ko bai taɓa ta ba, karaya na kawo kumburi, kumburin kuma ƙaruwa yake a kwana biyu zuwa ukun farko. Tsokokin hannu a cikin wata jaka mai tauri suke, wadda ba ta buɗewa. In ka zo ka ƙara kara da tsumma ka tamke daga waje, ina kumburin zai je? Sai ya koma ciki ya shaƙe hanyoyin jini. Tsokar da ta yi kamar awa 6 ba jini ta fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. In abin ya tsaya a tsoka, hannu ya ƙanƙance, tsintsiya ta lanƙwashe, yatsu su ƙage kamar ƙafar shaho. Wani likitan tiyata Bajamushe, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan tun 1881, kuma matsattsen ɗauri ya ɗora wa laifi. Shekara fiye da 140 ke nan, mu har yau muna cewa ɗori ne ke kamawa. In kuwa abin ya zarce, hannu ya ruɓe, ya yi baƙi, gubarsa ta nufi jini. A nan ne ake ɗaukar yaro a guje zuwa asibiti, likita ya duba ya ce ko hannu ko rai. A yanke. A dawo gida a ce, "Ba mun faɗa ba? Asibiti yanke hannu suke." Ba wanda zai ƙirga kwanakin da hannun ya yi a cikin tsumma. Likitocin ƙashi a Najeriya sun ga wannan har sun gaji, har a rubuce-rubucensu sun laƙaba wa irin wannan ruɓewa sunan masu ɗori.

Da an kai yaron nan asibiti a ranar, me za a yi masa? Hoto. In ƙashi bai goce ba, a sa masa rabin filasta ta bayan hannu, a bar gaba a sake don kumburi ya sami wurin zuwa, mako 3 ko 4 a cire. In ya goce, a sa shi barci, a mayar da ƙashin mazauninsa, sau da yawa ba tare da an tsaga fata ba, a soke da siraran wayoyi 2 ko 3 masu kaurin tsinken tsire ko ƙasa da haka. Bayan mako 3 zuwa 4 a zare su, yaro na zaune. Ƙarfen da ake ta tsoro ke nan.

Batun tsatsa kuma, ba ƙarfen rodi ake sa wa mutum ba. Titaniyom da ƙarfen tiyata an zaɓe su ne don ba sa tsatsa a jiki. Ba sa jawo aradu, ba sa hana haihuwa, ba sa shan jini. Gaskiya ne wasu kan ji ɗan tsami a wurin lokacin hunturu, amma wanda ya karye aka yi masa ɗorin gargajiya ma yakan yi wannan ƙorafi. Haɗarin da ke akwai na gaske shi ne ƙwayar cuta ta shiga wurin aiki, ko kusa ta kwance, kuma likitan kirki zai faɗa maka haka kafin ka sa hannu a takarda.

Kada a ce na tsani masu ɗori. Sana'a ce ta gado, kuma kafin a buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959 su ne gatan kakanninmu. Suna kusa, suna karɓar abin da ya sawwaƙa, suna magana da mutum da mutunci, abin da wasu ma'aikatan asibiti har yau ba su koya ba. Karaya da yawa ma ko ba a taɓa ta ba za ta haɗe, don ƙashi da kansa yake ɗinkewa, sai mai ɗori ya kwashe yabon. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin hannu. Bai san ko tsagewa ce, ko gocewar gaɓa, ko karayar da ta ratsa cikin mahaɗa ba. Gwiwar da ta goce in an kawo ta a ranar, cikin mintoci ake mayar da ita. In ta haura mako 3 a goce, sai an buɗe da wuƙa. Ga kuma murza da gasawa da ruwan zafi da ja da ƙarfin tsiya, waɗanda kan sa wani sabon ƙashi ya tsiro a cikin tsoka ya kulle gwiwar. Mutum na buƙatar gwiwarsa ta yi motsi daga kamar digiri 30 zuwa 130 kafin ya yi harkokinsa na yau da kullum. Ka gwada kai lomar tuwo baki da hannu a miƙe, ko shafar kai a alwala, ko ɗaura kallabi, ka ji.



To idan abin ya faru a gidanka fa? Kada ka ja hannun, kada ka bari wani gwani ya ja. Ka bar shi yadda mai shi ya fi jin sauƙi, ka tallafe da kallabi ko rawani a rataye a wuya. Nan take a cire zobe, awarwaro, agogo, kambu, duk abin da ya zagaye hannu, tun kumburi bai rufe su ba. In akwai rauni har ƙashi ya leƙo, a rufe da tsumma mai tsabta kawai. Ban da toka, ban da garin magani, ban da man birki, ban da kashin shanu, kuma a tuna wa ma'aikata allurar tetanus, cutar nan mai sarƙe muƙamuƙi. Kada a ɗura wa yaro kunu ko lemo don lallashi, saboda in za a sa shi barci ana son ciki ya yi awanni ba komai, kunun nan sai ya jawo jinkiri. A nufi babban asibitin Zuru ko mafi kusa da ke da na'urar hoto, a ranar, ba gobe ba. In an ce aikin ya fi ƙarfin nan, a karɓi takardar turawa: akwai asibitin koyarwa na tarayya a Birnin Kebbi, akwai na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, akwai asibitin ƙashi a Wamakko, ga asibitin Shika a Zariya, ga Dala. Na san hanya da nisa, na san halin da hanyoyinmu ke ciki, na san kuɗin mota. Amma dangin da za su iya haɗa kuɗin ragon suna cikin kwana biyu za su iya haɗa na hoto da mota. Wanda ke da hali ya yi rajistar inshorar lafiya ta jiha tun ana zaune lafiya.

A asibitin ma ka buɗe baki. Ka ce a nuna maka hoton, a nuna maka inda ya karye. Ka tambaya ko ƙarfen na cirewa ne ko na zama, da nawa aikin zai ci gaba ɗaya. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗabi'ar nan ta sa hannu a takarda a sace mara lafiya da dare, don wani kawu da bai taɓa ganin hoton ƙashi ba ya ce ya san wani mai ɗori a ƙauyen kaza wanda ko daga nesa yake haɗa ƙashi.

Ko filastar asibiti ce a hannun, ko an riga an yi ɗorin gida ba da son ranka ba, ke uwa, aikinki ne daren farko da na biyu. Ki tashi da tocila ki duba yatsun. Ki danna farce har ya yi fari, ki saki: in jan bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, akwai magana. Ki ce ya motsa yatsu. Ki miƙar da ɗaya a hankali; in ya yi ƙarar da ta fi ta ɗazu, akwai magana. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, wanda magani ba ya kwantar da shi, yatsu masu sanyi, ko fari fat, ko shuɗi-shuɗi, ko yaro ya ce yana jin kamar tururuwa na bin hannun, ko ya daina jin taɓi, ko bororo a fata: ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. In kara da tsumma ne, a sassauta su nan take, ba sai an nemi izinin kowa ba, a kama hanyar asibiti ko da tsakar dare ne. Kada wani ya taɓa tsintsiya ya ce ai jijiya na bugawa. Tana iya bugawa tsoka na mutuwa. Yaron da ya yi kwana biyu yana kuka sannan ya yi tsit alhali hannu na nan a kumbure, shirunsa ya fi kukan ban tsoro.

Bayan an cire filasta gwiwa za ta yi tauri, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Ta yaro kan saki da kanta cikin makonni in an bar shi yana wasa. Babba ya je sashen gashin ƙashi a koya masa motsin da zai riƙa yi da kansa. Kada a danne hannun a kan turmi a ce za a miƙar, kada a ba yaro bokitin yashi ya yi ta yawo da shi. Wanda kuma gwiwarsa ta riga ta haɗe a karkace tun yarinta, har hannun ya yi kamar gindin bindiga, ya sani ana gyarawa. A nan ma fasahar bugawa ta fi amfani da araha: likitoci, musamman na Jami'ar Osaka a Japan, sun daɗe suna buga ɗan ma'aunin roba da ake ɗorawa a kan ƙashi ya nuna daidai inda za a yanka a miƙar, ba tare da an sauya gaɓar ba. Ko babu shi, likitocinmu na yin aikin da hoto da ma'auni.

Ku kuma masu ɗori, iyayenmu, ba cewa na yi ku bar gadonku ba. A kudancin Habasha, a yankin Arba Minch, wani likita ya tara irinku ya yi musu ɗan gajeren horo kan illar matse ɗauri, yanke hannaye da ƙafafu ya ragu a asibitinsa. Me zai hana masarauta da hakimai da limamai da fastoci su shirya irin wannan zama a Zuru da Ribah da Mahuta da Dirin Daji? Kafin nan, gwiwar yaro da karayar da ta fasa fata ku ce ba taku ba ce, ku tura. Mutuncinku ƙaruwa zai yi.

Shi ɗan maƙwabcina ba a yanke nasa ba, an tsaga an ceto abin da ya saura. Likita ya ce in ya ƙara girma za a iya yi masa aikin dashen jijiyoyin tsoka, wataƙila yatsu biyu ko uku su riƙe cokali. Ya koyi rubutu da hagu, malaminsu ya ce rubutun ma ya fi na wasu kyau. Shekaranjiya da yamma na hango shi a ƙofar gida yana ɗaure akuya a turke, bakin igiya ɗaya a hannun hagu, ɗayan a haƙoransa.